Rigar Caja

"...lafiya lau. Ya kwanan amarya?"

"Amarya ta kwana da takaici. Ina fitilata?"

"Kaka, ko gaisuwar ba mu gama ba."

"An gama. Namijin da ya ƙwace wa matarsa fitila, 'lafiya lau' ɗaya ta ishe shi. Ina fitilata, Digiri?"

Digiri ya ƙarasa zama a bakin tabarma, ya ɓoye hannunsa na dama a ƙarƙashin na hagu. Ita ta laƙaba masa sunan nan ranar da ya dawo daga jami'a da kwali a hannu, kuma tun daga ranar ba a sake kiransa da wani suna a gidan ba. Ɗakin yana nan yadda ya san shi, komai da rigarsa. Rediyo na sanye da ja ta ulu, fulas ɗin shayi da shuɗiya, rimot da tasa, kwalbar man zafi da tata, har makunnin fitilar bango an saƙa masa 'yar hula. Kusurwa ɗaya ce kawai ta canza. Kusa da taga, saman ƙaramin tebur ya yi baƙi ƙirin, baƙin ya hau bango har ya lashi gefen labule. Digiri ya gyara zama yadda ba zai riƙa ganin wurin ba.

A makon jiya abin ya faru. Idon Kaka ya yi rauni, ba ta ganin ƙullin saƙa sai da fitilar goshi, irin wadda ake ɗaurawa a ka, mai cin batura biyu masu kauri da ake yi wa caji. Cajar da ta zo da fitilar ta mutu, sai Kaka ta sayi wata a hannun mai talla, ta zauna ta saƙa mata riga mai kauri, ninki biyu. Ta zura batir tun da safe, ta jona, ta lulluɓe, bayan azahar ta kishingiɗa barci ya ɗauke ta. Digiri ya dawo daga yawon neman aiki, tun daga ƙofar gida ya ji ƙauri. Ya tarar ulu na ci, batir na huci kamar maciji, Kaka na minshari taku biyu daga wurin. Ya fizgo cajar da hannu ya wurga ta taga, ta fashe a tsakar gida da ƙarar da ta fito da maƙwabta. Yatsunsa suka ƙone. Kaka kuwa ta farka tana tambayar wa ya buɗe mata taga.

Tun daga ranar bai dawo daidai ba. Idan aka soya albasa sai ya fito da gudu. Idan ya ga waya a soket sai ya zare, har firji ya taɓa kashewa nama ya lalace. Mahaifinsa, babban ɗan Kaka, ya kafa doka: ba batir, ba caja, ba fitilar goshi a ɗakin tsohuwa, ta huta haka nan. Fitilar kuma aka damƙa wa Digiri ya kulle a akwatinsa.

"Fitila tana hutu," in ji shi. "Ke ma an ce ki huta."

"Wa ya ce?"

"Baba."

"Wancan? Ni na haife shi, ban haifi dokarsa ba. Ka je ka gaya masa."

"Kaka, saura kaɗan ki gasa kanki."

"Saura kaɗan. To na gasu? Dube ni. Ko gefen zanina bai yi baƙi ba. Kai ne ka je ka rungumi wuta kamar wadda ka biya wa sadaki. Mutum ya yi karatu har gashin gabansa ya fara gudu, amma bai san a ɗauki tsumma a kama abu mai zafi ba."

"Tsumman ɗakin nan duk na ulu ne. Da na ɗauka da mun tashi gaba ɗaya."

"Ji mugun baki. Uluna ne ya jawo?"

"Shi ne mana. Wa ya taɓa sa wa caja rigar sanyi?"

"Ni. Kuma ta yi mata kyau. Har 'yan furanni na yi mata a gefe."

"Na gansu. Su suka fara kamawa."

Ta harare shi ta saman tabarau, ta ɗago abin da ke cinyarta. 'Yar rigar jariri ce ruwan toka, hannu ɗaya ya kammala, ɗayan ya karkace kamar an murɗe shi.

"Duba nan. Matar gidan can ta kawo min aikin tun cikinta bai fito ba, yanzu ga shi ko sunkuyawa ba ta iyawa. Na saƙa hannun nan na warware, na saƙa na warware, har zaren ya gaji da ni. Ni da mata ke zuwa koyon ƙulli a wurina, yau ni ce nake lalube. Ka saurare ni da kyau, mijin banza. Ranar da na ajiye kwarashi, ku fara auna min likkafani. Ban iya zama ina kallon bango ba."

"Ki fito tsakar gida ki yi da rana."

"Rana tana kashe min ido, inuwa ba ta isa ta. Ka ɗauka ban gwada ba? Amma ba komai. Na yi wa kaina dabara."

Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta fito da kyandir, dogo fari, da ashana.

Digiri ya dubi kyandir, ya dubi kwandon ulu da ke gefenta cike har baki, ya dubi labule.

"Kaka, ba ni wannan."

"Zo ka karɓa in kai namiji ne. Akwai 'yan uwansa a inda ba ka sani ba."

"Wallahi wasa kike."

"Jiya na gwada. Ba laifi, sai dai yana ɗiga. In na kusanto shi sosai da zaren ina gani."

"Kin kusanto shi da zaren."

"To da me zan kusanto shi, da kunnena?"

Kaka ta mayar da kyandir ƙarƙashin matashi a hankali, kamar mai kwantar da jariri, sannan ta jawo wata leda daga bayan rediyo.

"In kuma kyandir ne ba ka so, ga wannan. Na aiki maƙwabciya ta sayo min. Sabuwa fil."

Ya karɓa ya jujjuya. Caja ce ƙarama mai ramuka huɗu sirara.

"Wannan ba ta batirinki ba ce. Ta ƙananan batura ce, irin na rimot masu caji. Naki ko shiga ba zai yi ba."

"Zai shiga. Na gwada, saura kaɗan. In aka ɗan fasa bakin da wuƙa..."

"Kin gwada da me? Batirin ai ya fashe."

"Ɗaya ya fashe. Ɗan uwansa yana nan, na cire shi kafin ka sace fitilar."

Ta buɗe gwangwanin alluranta. Ga batir kwance a tsakiyar allurai da filoli da 'yan maɓallan ƙarfe da ƙaramin almakashi, fatarsa ta yage a gefe. Digiri bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya sa yatsu biyu na hagu ya tsamo shi, ya fita da shi tsakar gida ya ajiye a kan siminti nesa da komai, ya dawo yana haki.

"Ina ka kai min kaya?"

"Kaka! Batir a cikin ƙarafa! In allura ta haɗa kansa da gindinsa shi ke nan, wuta ce. A ƙarƙashin gadonki kike ajiye gwangwanin nan!"

"To ina zan ajiye shi, a ƙarƙashin naka? Kai ko gadon kirki ba ka da shi."

"Kuma waɗannan fa?" Ya nuna wasu batura biyu a cikin ledar.

"Na agogon bango ne. Sun mutu, zan tashe su."

"Ba a yi wa waɗannan caji. An rubuta a jikinsu. In kika matsa musu sai su fashe su zubo da ruwa mai cin fata."

"Komai a wurinka fashewa yake. Wannan ya fashe, wancan ya fashe. Kai kaɗai ne a gidan nan ka ƙi fashewa ka samo aiki."

Maganar ta shige shi, amma ya saba, daga bakinta ba ta zafi. Abin da ke masa zafi shi ne kyandir ɗin da ke ƙarƙashin matashi, da 'yan uwansa da bai san inda suke ba. Ya san kakarsa. Ko ya kwashe duka yau, gobe wasu za su shigo a cikin kwanon maƙwabciya. Dokar Baba ba ta raba ta da wuta ba, ta dai sauya mata wutar da ta fi muni.

"Tashi," in ji shi. "Ɗauko mayafi."

"Za ka mayar da ni gidanmu ne? Iyayena sun daɗe da rasuwa, sai dai ka haƙura da ni."

"Caja za mu sayo. Amma ni zan zaɓa."

"Kai za ka zaɓa. Da wane idon? Idon da ya zaɓi wannan wandon?"

Ta riga shi kaiwa ƙofa.

Shagon kayan lantarki yana cikin wani layi mai cunkoso, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da kwan fitila. Wayoyi na reto daga rufi, kwalaye sun hau juna har sama, rediyo biyu na magana lokaci guda. Mai shago, wani mai tumbi da biro a bayan kunne, ya jawo wa Kaka kujera.

"Sannu da zuwa, Iya. Me za a kawo?"

"Caja. Babba. Ka ga wannan da ke tsaye kamar an dasa shi? Mijina ne. Ba ya aikin komai, amma shi zai yi magana, don kar a ce na raina shi a kasuwa."

Mai shago ya yi dariya ya baje cajoji a kan kanta. Digiri ya ciro fitilar goshi daga aljihu, don ya biya ta akwatinsa kafin su fito. Kaka ta miƙa hannu, ya janye.

"Tukuna."

"Ɓarawo. A gaban mutane ma."

Ta juya kan cajojin. Ta ɗauki ɗaya ta auna nauyinta a tafin hannu, ta ƙwanƙwasa ta da farce, ta kai kunne ta girgiza.

"Wannan ba komai a cikinta." Ta ɗauki wata baƙa mai faɗi da fitilu kala-kala. "Yauwa. Ga ta maza. Ji nauyi."

"Iya kin iya zaɓe," in ji mai shago. "Wannan kafin ki gama shan shayi ta cika batir."

"Ka ji ko? Kafin in gama shan shayi."

Digiri ya karɓa ya juya bayanta. Babu sunan kamfani, babu bayanin irin batirin da take ɗauka, sai hoton walƙiya.

"Tana tsayawa da kanta in batir ya cika?"

"Duk ɗaya ne, yallaɓai. Ka dai cire in ka ga ya yi."

"In ga ya yi ta yaya?"

"Za ka ji ya ɗau ɗumi."

"Ba ma so."

"Muna so," in ji Kaka.

"Ba ma so. Saurin nan da ake yaba mata shi ne zafin. Tura wuta take da ƙarfi, batir ya cika ba ta sani ba, ta ci gaba da ɗura masa. Irinta ce ta ci miki tebur."

"Waccan fara ce. Wannan baƙa."

"Kaka, ba a launi abin yake ba."

"A ina yake? A digiri?"

"A rubutun baya. Batirinki litiyom ne, irin na cikin waya. Dole cajar ta ce nasa ce."

"Liti wa? Sunan ma kamar na aljani. Ni shekara nawa ina ɗaure shi a goshina ba ku gaya min ba."

"Kuma dole ta san ya ƙoshi ta janye hannu."

"Ashe dai ta fi ka hankali. Kai ba ka taɓa janye hannu daga kwanona ba."

Mai gyaran fanka na maƙwabtaka ya dangwala ƙarfensa mai zafi a kan wata waya. Hayaƙi siriri ya taso, ƙaurin roba ya shigo shagon. Digiri ya ja da baya. Kwalin cajar da ke hannunsa ya faɗi. Bai ga shago ba, bai ga kanta ba, sai ulu mai ci da bakin Kaka a buɗe tana barci. Ya dafa bango, zufa ta keto masa.

"Lafiya, yallaɓai?" in ji mai shago.

Kaka ta dube shi sau ɗaya, ta kawar da kai.

"Ƙyale shi. Haka yake yi duk lokacin da aka zo wurin biyan kuɗi. Suma yake. Kawo masa kujerar nan, ni na gaji da zama." Ta miƙe ta tura masa kujerar da ƙafa, ta tsaya tsakaninsa da ƙofar da hayaƙin ke shigowa, ta baza mayafinta tana fifita kamar zafi ne ya dame ta. "Kai kuma mai fanka, ka kashe mana wannan abin, muna ciniki. Ko gidanku ba tsofaffi?"

Ƙaurin ya lafa. Digiri ya sunkuya ya ɗauki kwalin, ya tsaya yana kallon rubutun har haruffan suka daina rawa. Kaka ba ta ce masa sannu ba, shi ma bai ce na gode ba.

"Ka farfaɗo, ango?"

"Na farfaɗo. Malam, waccan ta sama, mai rami biyu. Sauko da ita."

'Yar ƙarama ce, ruwan toka, ba ado. Ya karanta bayanta a hankali har ƙarshe, ya buɗe takardar ciki ya karanta ita ma. Nau'in batirin ya dace. Tana yankewa in ya cika. Kowane rami da fitilarsa, ja in yana sha, kore in ya ƙoshi, kuma ko an juya batir kai a gindi ba za ta ba shi wuta ba.

"Wannan."

Kaka ta karɓa ta auna a hannu, ta taɓe baki.

"Wannan abar? Ko ƙwai ya fi ta nauyi. Kamar ba ta ci abinci ba. Kai dai komai naka ramamme."

"A hankali take yi, amma batir ba zai yi zafi ba, kuma zai daɗe bai mutu ba."

"A hankali. Ni da nake da sauran kwana kaɗan a duniya, ka haɗa ni da mai nawa."

"Kin fi shekara goma kina cewa sauran kwana kaɗan."

"Saboda kai nake dagewa. In na mutu wa zai aure ka?"

Ya sa mai shago ya kawo sababbin batura biyu iri ɗaya, fatarsu lafiya, da 'yar akwatin roba ta ajiye su. Kaka ta kwance bakin zani tana mita cewa a duniya ita kaɗai ce matar da ke saya wa kanta kayan aure.

Sai da suka shiga gida, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, sannan ya ciro waya. Bai taɓa musu da mahaifinsa ba, ko a kan karatun da ya yi ba shi ya zaɓa ba.

"Baba, barka da aiki. Na sayo wa Kaka caja. Zan mayar mata da fitilar."

Muryar da ta fito daga wayar har Kaka ta ji ta daga kan gado.

"Na ji, Baba. Na san abin da ka ce. Amma kyandir take kunnawa a kan kwandon ulu." Ya saurara. "A'a, ko na ƙwace za ta samo wani, ka fi ni saninta." Ya sake saurara. "A'a, Baba. Ba zan kulle ba. In aka hana ta wannan, wutar da ba mu gani za ta kunna. Gara wadda na karanta bayanta."

"Gaya wa wancan," in ji Kaka da ƙarfi, tana kallon bango, "in yana son doka ya haifi uwarsa."

Can muryar Baba ta dawo ƙasa-ƙasa.

"Ni ne, Baba," in ji Digiri. "In wani abu ya faru, ni ne."

Ya kashe wayar. Rigarsa ta manne a bayansa.

"Me ya ce?"

"Ya ce ke da ni duk kanmu ɗaya."

"Ƙarya yake. Nawa ya fi naka gashi."

Ya janye teburin da ya ƙone, ya share wani wuri a kan tayil kusa da soket, nesa da gado, nesa da labule, nesa da kwandon ulu. Ya ajiye cajar, ya zura baturan. Saura jonawa. Ya ɗauki kan wayar da hannun dama, wanda ke naɗe da bandeji, ya kai bakin soket, ya kasa turawa. Ya sauya zuwa hagu, shi ma haka.

"Kawo in jona," in ji Kaka.

"A'a."

"To jona mana."

"Ina zuwa."

"Daga ina? Ga ka ga soket." Sannan ta ce, ba da muryar zolaya ba, "Ranar nan ai ba ka tsaya karanta bayan kwali ba. Hannu ka sa. Hannun nan ne dai, bai canza ba."

Ya ja numfashi ya tura. Fitilu biyu jajaye suka kama. Ba ƙara, ba ƙauri. Ya tsuguna yana kallonsu, can ya kai bayan yatsa ya taɓa batir. Sanyi ƙalau.

"Sai sun koma kore ki cire," in ji shi, muryarsa ta dawo. "In za ki kwanta ko za ki fita, ki zare. Batir a akwatinsa, ba cikin allurai ba. Wancan mai yagaggiyar fata ba za a jefa shi a shara ba, kar a ƙona da shi, ni zan kai shi inda ake karɓa. Na agogo kuma..."

Ya waiwaya. Kaka ta sauko daga gado, ta durƙusa kusa da cajar, tana auna tsawonta da ɗan yatsa, leɓenta na motsi tana ƙirga ƙulli.

"Kaka!"

"Me na yi? Kallo nake."

"Aunawa kike."

"Ƙura za ta shiga mata."

"Ta shiga. Ramukan nan na gefe na shan iska ne. In kika toshe su mun koma gidan jiya."

"To mai huji-huji. Irin ta bazara. Iska ta shiga ta fita."

"A'a."

"Rabi. Daga ƙugu zuwa ƙasa."

"A'a."

"'Yar shimfiɗa a ƙarƙashinta, tayil da sanyi."

"Sanyin muke so."

"To in an zare ta fa? In ba ta aiki, in rufe ta."

"Wata rana za ki jona ki manta ba ki cire rigar ba."

"Ni zan manta? Ni da na san ranar haihuwar kowa a gidan nan?"

"Kin manta kin yi barci."

"Ban manta ba, da niyya na yi." Ta zauna daɓas a kan tabarma. "Yanzu fisabilillahi baƙi su shigo ɗakina, rediyo da sutura, fulas da sutura, su ga wannan a tsakar ɗaki haka Allah ya yi ta? Me za a ce da ni? A ce tsufa ya kama ni na kasa tufatar da 'yar wannan?"

"Ki ce mijinki ne ya hana."

"A ce wane mijin, wancan mai kwali?"

"Shi. Ko riga, ko fitila. Zaɓi ɗaya." Ya ciro fitilar goshi ya riƙe ta sama. "In na ga ko zare ɗaya a jikin cajar nan, wallahi fitila ta koma akwati, kuma ni da kaina zan kwana a ƙofar nan ina jiran mai kawo kyandir."

Suka kafe juna da ido. Ta ga ba wasa a fuskarsa, shi ma ya ga ta gani. Ta dubi 'yar rigar jariri mai karkataccen hannu, ta dubi jajayen fitilun nan biyu. Sannan ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta jefo masa kyandir a cinya. Ta jawo wani daga cikin rigar rediyo, wani daga bayan hoton bango, na ƙarshe daga cikin kwandon ulun kansa.

"Kwashe. Ba ni fitilata, azzalumi."

Ya miƙa mata. Ta ɗaura a goshi duk da ba batir a ciki, ta gyara ɗankwali a kanta, ta ɗaga kai kamar wadda aka yi wa naɗi.

"Shi ke nan, ta zauna tsirara," in ji ta. "Amma ka sani, rabon da wani abu ya zauna tsirara a ɗakin nan tun kai ne kana jariri. Kuma kai ma sai da ka jiƙa min tabarma."

Dariya ta ƙwace wa Digiri, irin wadda rabonsa da ita tun kafin ƙaurin nan, har ya kifa kai a gwiwa kyandirori suka zube. Kaka ta taya shi, fitilar na rawa a goshinta.